Ranar da Osmund Bai Wanke Fuska Ba

Osmund Tarrant ya rasu a ƙarshen kakar shekara ta 1541, a ɗakin ƙasa na kurkukun birninmu, a kudancin Ingila. Ni Piers mai amalanke ina wurin. Ba ni da ilimi mai yawa, ɗan rubutun nan ma sufaye ne suka koya mini ina yaro, kafin sarki ya rushe gidansu. Akwai abubuwa da dama a labarin nan da har yau ban gane ba. Zan dai faɗe su yadda na gan su.

Shekara talatin ina ɗaukar gawayin Osmund daga bakin daji zuwa wurin maƙeran birni. Tafiyar rabin yini ce, kuma ban tuna ranar da ya yi shiru a hanya ba. In na gaji da amsa masa sai ya koma kan dokina, ya tambaye shi lafiyar kofato, ya ba shi labarin kakarsa. Matarsa Avice takan ce ko a barci bakinsa motsi yake. Amma ba mai gulma ba ne. Surutunsa na itatuwa ne da ruwan sama da wanda ya haihu da wanda ya yi sabon shinge. Mutum ne da bai iya ganin abu ya bar shi a cikinsa ba.

Ubansa ya bar masa gida da gona eka huɗu a ƙauyenmu Thornley, dab da gandun dajin sarki. Gonar tasa ce ta kansa, ba aro daga mai ƙasa ba, wato basaraken da ke da filayen ƙauyen, kuma a duk ƙauyen mutum uku ne kawai ke da irin wannan. 'Ya'ya biyar suka haifa da Avice, ɗaya ta rayu, Emmot, wadda ta kai shekara ashirin a lokacin. Kullum muka wuce ta gefen shingen sai ya nuna da haɓa ya ce, "Ka ga wancan, Piers? Ranar da na mutu ba wanda zai ce wa matan nan su tashi."

Aikinsa kuwa ba ya barin mutum da tsabta. Zai jera itace tsibi guda mai tsayin mutum, ya rufe da ganye da ƙasa, ya saka wuta ta sama, sannan ya zauna kwana huɗu ko biyar yana kallon hayaƙi. In fari ne, da saura. In ya koma shuɗi, ya toshe ramin hayaƙin. Duk kwanakin nan ba ya wanka, wai ɓata ruwa ne. Yakan fito baƙi ƙirin, idanu da haƙora kaɗai ake gani. Yaran ƙauye sun saba, karnuka ma sun saba.

Sarki kuwa babu wanda ya taɓa ganinsa a cikinmu. Labarinsa dai muke ji daga masu dawowa daga Landan. An ce ya sa an fille kan matarsa. An ce an dafa wani mai dafa abinci da ransa a cikin tukunya. An ce an rataye shugaban wasu sufaye a ƙofar gidansu, aka yanka shi gida huɗu aka raba wa garuruwa. In aka kawo irin wannan labari a ɗakin shan giya, Osmund sai ya girgiza kai ya ce, "Ba a faɗa masa gaskiya ne. Na kusa da shi ne miyagu. Da zan samu in zauna da shi rabin yini, da na warware masa komai."

"Rabin yini da kai?" in ji ni. "Ai da kansa zai miƙa wuya a sare."

Kusan kowace Lahadi sai an karanta mana sabuwar doka a coci. Addu'ar da aka ce mu yi bara, bana wanda ya yi ta ya shiga uku. Ranar hutun da kakanninmu suka sani, an soke. Muka daina ƙoƙarin riƙewa. Ranar da aka karanta dokar barewa, ni da Osmund muna can baya, yana yi mini bayanin yadda ake maganin tarin doki. Na ji an ce gandun sarki, na ji an ce da dare, na ji wani abu game da fuska. Shi ko wannan bai ji ba.

Abin ya faru da hantsi, rana ta fito sosai, a rana ta huɗu da kunna wutarsa. Ya leƙo gida ya ɗauki burodi, sai ya tarar da barewa ta tsallako shinge tana cin wakensa. Ya yi mata tsawa, ba ta kula ba. Ya ɗauki guntun itace ya jefa don ta gudu. Mutumin da bai taɓa jifan ko kurciya ya samu ba, ranar sai itacen ya same ta a bayan kunne. Ta faɗi, ta ɗan shura ƙafa, shi ke nan.

Al'adarmu tun kakanni, wanda ya ga barewar sarki a mace ba ya ɓoyewa. Yakan kai wa mai gadin daji, a ci shi tara in da laifi, magana ta wuce. Avice ta ce masa, "Maigida, ka tsaya ka wanke fuska mana. Haka za ka je gaban mutane kamar gindin tukunya?"

Ya ce, "Wuta na jirana, uwar Emmot. Wa bai san fuskar nan ba?"

Ya saɓa barewa a kafaɗa ya tafi. Abin da bai lissafa ba, tsohon mai gadin da ya san shi ya mutu da bazara. Sabon baƙo ne, an turo shi daga wajen Landan, yana neman abin da zai nuna wa manyansa. Ya ga mutum baƙi ƙirin ɗauke da barewar sarki, ya kira yaransa suka ɗaure shi. A nan ne muka ji sauran dokar da ba mu saurara ba: wanda ya kashe dabbar sarki da dare, ko da rana amma ya shafa wani abu a fuska don kada a gane shi, hukuncinsa rataya ne. Da ya wanke fuska, tara ce kawai.

Na je wurin mai gadin na ce, "Ranka ya daɗe, mutumin nan gawayi yake ƙonawa. Kuma shi ya kawo kansa. Wane ɓarawo ne zai ɓoye fuska sannan ya zo ya faɗi sunansa?" Ya ce wannan alƙalin sarki zai duba, shi dai abin da ya gani ya rubuta. Har ya hana a ba Osmund ruwan wanka sai da shaidu uku suka kalle shi.

Sati bakwai yana kurkuku ana jiran alƙali ya zo zagaye. A cikin kwanakin ne na je wurin tsoho Ambrose, ɗaya daga sufayen da aka kora, wanda yanzu yake sharar cocinmu don ya samu abinci. Ya san doka. Na tambaye shi, in an rataye Osmund, me zai faru da Avice da Emmot.

Ya jingina tsintsiya ya ce, "Wanda aka yanke wa hukunci, jininsa ya ɓaci. 'Yarsa ba ta gado. Mutanen sarki za su riƙe gonar shekara ɗaya da kwana ɗaya, su kwashe rufin gidan, su sare itatuwa, sannan ta koma hannun mai ƙasa."

"To su ina za su?"

"Kan hanya, ɗana."

Na zauna a kan benci. Sai Ambrose ya ce akwai wata ƙofa, amma shi ba zai so wa maƙiyinsa ita ba. Ba a iya yi wa mutum shari'a sai ya yarda da bakinsa. Za a tambaye shi, da me za a yi maka shari'a? Dole ya amsa: da Allah da mutanen ƙasata. In ya faɗa, mutum goma sha biyu su yanke. In ya ƙi faɗa har sau uku, babu shari'a, babu hukunci. Sai dai a kwantar da shi a ɗora masa nauyi har ya faɗa ko ya mutu. In ya mutu a haka, ya mutu ba mai laifi ba, gona ta 'yarsa ce.

Na ce, "Baba Ambrose, ban gane ba. Za su kashe shi, kuma ba mai laifi ba ne?"

"Haka take."

"In mai laifi ne kuma su kashe shi?"

"Haka take."

Kwana uku ina juya maganar. Da na yi shiru, da Osmund bai taɓa sani ba. Amma na kai masa. Wannan ni na yi, ba wani ba.

Na same shi zaune a kan ciyawa da sarƙa a ƙafa, yana koya wa wani ɓarawon tumaki yadda ake gane itacen da ya bushe. Fuskarsa tas, har ta yi mini baƙo. Ya ce, "Kai, jakin amalanke, sai yau? Wa ya toshe mini wuta?" Na ce ta cinye, toka kawai ta rage. Wannan ya ɓata masa rai ƙwarai. Sannan na faɗa masa abin da Ambrose ya ce. Na faɗa a hankali, ina kallon ƙasa.

Ya ce, "To mutum goma sha biyun nan, su wane ne?"

"Mutanen gunduma. Wataƙila akwai waɗanda suka san ka."

"Su sake ni ke nan."

"Wataƙila. An ce dai bara sun saki wani a shari'ar daji, alƙali ya kulle su ba ci ba sha har suka canza baki."

"An ce, ko ka gani?"

"An ce."

Ya yi ta murza sarƙar da yatsa. Ya ce, "Wato in na yi magana, ko in koma gida ko su rasa komai. In na ƙi, ni dai na tafi, amma su suna nan." Na ce haka na fahimta. Sai ya yi dariya. "Ka ga ikon Allah, Piers. Duk ƙasar Ingila a rasa wanda za a ce ya kame bakinsa sai ni."

Na ce ba shiru ake nufi ba, kalmomin nan kaɗai ne ba zai faɗa ba. Ya ce, "Au, to da sauƙi."

Avice ta zo kurkukun ta roƙe shi da ya amsa tambayar. Ta ce gara su yi bara tare da shi. Ya ce mata, "In an rataye ni ba tare za mu yi ba, uwar Emmot. Ke da yarinya za ku yi, da sanyin hunturu." Ta juyo ta kalle ni, kallon da har yanzu ina ganinsa.

Ranar shari'a ɗakin ya cika. Alƙali da jar riga, ga magatakarda a ƙasansa. Aka karanta laifi, magatakarda ya ce, "Osmund Tarrant, da me za a yi maka shari'a?"

Osmund ya ce, "Ranka ya daɗe, bari in fara da waken. Iri ne mai kyau, daga wajen surukina na samo shi, kuma duk wanda ya san wake ya san..."

"Da me za a yi maka shari'a?"

"Zan zo nan, ranka ya daɗe. Ita fuskar da ake magana, ban san ko a Landan yaya masu gawayi suke yi ba, amma mu nan in mutum ya kwana huɗu da hayaƙi..."

Mutane suka fashe da dariya. Ni ma na yi, Allah ya gafarta mini, hawaye na zuba ina dariya. Alƙali ya ɗaga hannu aka yi tsit. Ba mai fushi ba ne, kamar gajiya ce ta dame shi. Ya ce, "Bawan Allah, ka san abin da ake yi wa wanda ya ƙi amsawa?" Ya faɗa masa dalla-dalla. Sannan ya ce, "Saura ɗaya. Ka yi tunani."

A nan Osmund ya juya. Ya duba mutum goma sha biyun nan. Akwai Gervase maƙeri a cikinsu, wanda ya shekara ashirin yana sayen gawayinsa. Gervase ya ɗan gyaɗa kai. Ban san me gyaɗawar take nufi ba, ko amsa, ko sannu. Na tabbata Osmund ma bai sani ba. Aka yi tambaya ta uku.

Ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki. In wani zai je Landan, don Allah a gaya masa ban yi da gangan ba."

Aka fitar da shi.

Washegari da safe suka kwantar da shi rigingine a ƙasa, ba riga, suka ɗaure hannuwa da ƙafafu a turaku huɗu. Suka ɗora masa tsohuwar ƙofa a ƙirji, suka riƙa jera duwatsu da ƙarafa a kai. Doka ta ce abin da zai iya ɗauka, da ƙari. Ranar farko loma uku na burodin sha'ir, ba ruwa. Rana ta biyu kurɓi uku na ruwan kwata, ba burodi. Haka za a yi ta yi. Ba a bar mata su shiga ba. Avice da Emmot suna waje a bakin ƙofa, ni aka bari.

Ranar farko ya yi magana. Kaɗan-kaɗan, tsakanin numfashi. Ya ce in gaya wa Emmot kada ta bari a sare itacen tuffa na bayan gida, yana da sauran shekaru. Ya ce akwai rami a shingen gabas. Ya tambayi ganduroba sunan garinsu, ya ce ya san wani a can. Duk bayan ɗan lokaci magatakarda yakan leƙo ya ce, "Za ka amsa?" Osmund ya ce masa, "Sannu da aiki."

Rana ta biyu da azahar leɓɓansa sun yi shuɗi, jini na fitowa ta hanci. Gandurobar ya ja ni gefe. Dattijo ne, ba mugu ba. Ya ce, "Mutumin nan ƙaƙƙarfa ne, zai iya kai kwana huɗu. Kuma yawanci a rana ta uku suke amsawa, ba da saninsu ba, azaba ce ke magana. Sai a ɗaga ƙofa, a kai su a rataye, wahalar ta tashi a banza. In kana ƙaunarsa, ka taimake shi. Ni zan je shan ruwa."

Ban gane ba da farko. Can sai na gane. Na durƙusa kusa da kan Osmund. Ashe ya ji.

"Piers."

"Na'am, ɗan'uwa."

"Ɗazu... saura kaɗan... in faɗa."

"Ka faɗa mana, Osmund. Ka faɗa a ɗaga. Ni zan riƙe su, ina da ɗaki."

"Ɗakinka... na mai ƙasa ne." Ya huta. "Wannan tumbin naka... bai taɓa amfanin kowa ba. Hau."

Na riƙe fuskarsa da hannu biyu na sumbaci goshinsa. Na ce ya yafe mini. Ya ce wani abu, ban ji ba, na sake kai kunne, ban ji ba. Na tashi na hau ƙofar, na durƙusa a kan duwatsun, na rufe ido ina karanta addu'ar Ubanmu da ƙarfi don kada in ji ƙarar da ke ƙarƙashina. Ban san ko da harshen da aka yarda a wannan shekarar na karanta ba. Sau biyu na kai ƙarshe. Sannan gandurobar ya dafa kafaɗata.

Aka ba mu gawar, tunda ba mai laifi ba ne. A amalankena na kai shi gida, aka binne shi a harabar coci kusa da 'ya'yansa huɗu, limami ya yi masa addu'a cikakkiya.

Bayan kwana takwas mutanen sarki suka zo. Na tare su a bakin shinge na ce ai ba a yanke masa hukunci ba. Suka ce ƙasa daban, kaya daban, kayan wanda ya ƙi amsa na sarki ne. Ambrose bai faɗa mini wannan ba, ko ya faɗa ban riƙe ba. Suka tafi da saniya da aladu biyu da gatari da tukwane da gado. Suka bar gida fayau, amma da rufinsa.

Ban sake kai wa Gervase maƙeri kaya ba sai da hunturu ya shiga. Yana ganina ya ajiye guduma. Ya ce, "Piers, me ya hana shi amsawa? Ai mun gama magana tun a waje. Wa bai san fuskar Osmund ba? Har na gyaɗa masa kai."  Amma ƙaninsa da ke hura wuta ya ce, "Kai dai faɗi kake. Ka manta na bara? Kwana biyu ba ci kuka canza baki." Gervase ya ce wancan daban. Ƙanin ya ce ba wani daban. Suka yi ta musu, na fita na bar su. Na sha juya maganar nan a hanya, ni da doki. Wata rana in yarda da Gervase, in kasa cin abinci. Wata rana in yarda da ƙaninsa. Ban faɗa wa Avice ba.

Da bazara aka yi zaman kotun mai ƙasa a rumbun ƙauye, inda ake tabbatar da gado. Wakilin mai ƙasa ya daɗe yana duba takarda, yana neman inda aka rubuta hukunci. Bai samu ba. Ya ɗago ya ce, "Ina Emmot, 'yar Osmund Tarrant?" Ta miƙe ta ce ga ta. Ya ce eka huɗu da gida nata ne, ita da 'ya'yanta. Avice ta kama hannuna ta matse har ya yi zafi, karo na farko da ta taɓa ni tun ranar kurkuku.

Ba su da abin huɗa, sai na kawo dokina. Mun makara da shuka, ƙasa ta fara bushewa, amma mun gama gefen gabas kafin ruwa ya sauko.